Likkafanin Yaya Barakatu a Fiffiken Jirgi

Khumra, Jidda
Ƙarshen Zulhajji, 1386

Zuwa ga yayata Barakatu, a Mai Wurno.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙane ga yayarsa, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da duk wanda ke cin tuwo a gidanki. Malam Ubale, wanda zai miƙa miki ita, ya ba ni labarin ciwon ƙafar da ya hana ki zuwa bakin kogi. Allah Ya sassauta, Ya sa kaffara ne, Ya ƙara miki kwanaki masu albarka. Na yi miki addu'a a Arfa da sunanki da sunan Inna da na Baba, Allah Ya ji ƙansu.

Mu nan mun yi Sallah lafiya. Uwargida Saudatu tana fama da tarin nan nata da ba ya barinta idan iskar teku ta taso, amma tana kan ƙafarta. 'Yata Mastura cikinta ya tsufa, ta yi nauyi, mata sun ce ba za ta wuce watan Safar ba. Ɗanki Rafi'u lafiyarsa ƙalau, ya yi ƙiba ma, yana riƙe da 'yata da mutunci, ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba. Ni kuwa kamar yadda kika sani, ina nan ina ɗinkin tantunan da alhazai ke kwana a ciki a Mina. An kafa su, an kwana, an naɗe, na dawo da gwiwoyi kamar ba nawa ba. Na zo ƙasar nan ina saurayi da niyyar in sauke farali in juya, ga shi gemuna ya yi fari ina ɗinka wa masu juyawa wurin kwana. Ban rubuto don in yi miki kukan wannan ba, ya riga ya zama jiki.

Ɗan'azumi, na san kai ne za ka karanta mata. Kada ka tsallake komai don tausayinta, kada kuma ka bari a tara mata mutane kafin ka gama. Ku zauna ku biyu.

Yaya, a cikin ƙunshin da na ba Malam Ubale akwai dabino, da gwangwanin zamzam, da carbi, da turaren da Saudatu ta haɗa miki. Abu ɗaya ne babu, kuma shi ne wanda kika fi roƙona, wato likkafaninki. Ban manta ba. Na saye shi tun cikin azumi, farin alawayyo mai kyau, na kai shi Makka da na je Umra, na jiƙa shi da zamzam da hannuna, na shanya shi a kan duwatsu tare da na sauran mutane, na tsaya a kansa har ya bushe don kada a musanya. Na rubuta sunanki a gefe ɗaya da tawada, na naɗe, na sa a ƙasan akwatina. Ranar da na buɗe akwatin don in haɗa miki kaya, ban same shi ba. Na san inda yake yanzu, amma sai na faro miki daga tushe kafin ki gane.

Kin san Rafi'u yana aiki a wurin Shaikh Abdulghani, wanda shi ne kafilinsa, da sunansa aka yi masa iƙama, takardar izinin zama a ƙasar nan. Da can motocin kayan mutumin yake gyarawa. Abin da ban taɓa rubuta miki ba, don na ɗauka wasan masu kuɗi ne da zai wuce, shi ne Abdulghani yana da jirgin sama nasa na kansa. Kada ki zaci irin manyan nan da ke sauke alhazai. Ƙarami ne, tsoho, na sojan Ingila, daga cikin waɗanda suka koya wa mayaƙansu tashi a lokacin babban yaƙi. Fiffike biyu gare shi a kowane gefe, ɗaya bisa ɗaya, da wurin zaman mutum biyu a buɗe, babu rufi. Jikinsa katako ne da ƙarfe kaɗan, an lulluɓe da yadi. Yadi, Yaya, irin wanda allura ke shiga. Har yanzu idan rana ta doke shi ta gefe ana ganin tambarin sojan a ƙarƙashin fenti.

Da aka gama yaƙi Turawa sun bar irinsa uku a wani fili a hayin teku, iska da rana suna cinsu. Abdulghani ya koyi tuƙi a Masar tun yana matashi, abin bai taɓa fita daga ransa ba, sai ya sayi ukun duka ya sa aka ƙetaro da su. Masana'antar da ta ƙera su ta daina tuntuni, babu kantin da za ka shiga ka ce a ba ka kayansa. Saboda haka ɗaya ne aka tayar, biyun kuma aka kwantar da su a bayan rumfa, duk abin da ya lalace a jikin mai rai sai a je a ciro daga jikin matattun. Yanzu sun zama haƙarƙari tsirara a cikin yashi, karnuka na kwana a inuwarsu. Kullum na wuce ta wurin sai in ga mai ran kamar dabbar da ta rayu da cin 'yan'uwanta, kuma ta cinye, tana waige. An ce daga nan har Adan babu wani irinsa da ya rage yana tashi.

Abin da jirgin nan ya ci a hannun mutumin, Allah kaɗai Ya sani. Gishirin iskar Jidda yana cin ƙarfensa, zafi yana tsaga katakonsa, mansa daban ne da na mota, ko bai tashi ba sai an kunna shi an shafe shi an rufe shi kamar jariri. Na ga an sayar da sito ɗaya a nan Khumra, na ga an sayar da manyan motoci biyu da direbobinsu suka koma neman aiki, na ji an ce gidan da uwarsa ta bar masa ma ya tafi. Amma zan faɗi gaskiya a kansa, don ba zan so a yi mini ƙarya a bayan idona ba. Mutumin kirki ne. Bai taɓa riƙe haƙƙin ma'aikaci ba, ya sallami direbobin da alheri, kuma ranar ɗaurin auren Mastura shi ya zauna a tabarma ɗaya da mu ya ci da hannu. Kakansa daga Katsina ya zo da ƙafa. Yana jin Hausa sarai, bakinsa ne ba ya juya ta.

Bara aka ce yadin fukafukan ya ruɓe, sai an sake. Rafi'u ya zo ya ce Kawu ai ɗinki ne, basilla ce da kirtani mai kaki, ba a samu wanda ya fi ni hannu ba. Na je, kuma ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗin aikin, don tun da na zo ƙasar nan ban ɗinka abin da aka yi niyyar ya daɗe ba sai shi. Rafi'u ne ya koya mini yadda abin yake. Yadin daga Turai ake aiko shi, sabo fil, bai taɓa ganin ruwa ba. Ana ɗinka shi a jikin haƙarƙarin fiffike, sannan a shafa masa wani danƙo mai wari da ke sa hawaye, sai yadin ya tsuke ya ɗaure kansa, idan ka ƙwanƙwasa da yatsa ya amsa kamar kalangu. Shi da bakinsa ya ce mini kada in kuskura ko gumina ya jiƙa yadin kafin a ɗinka, don wanda ya riga ya sha ruwa ya gama tsukewarsa, ba zai ƙara ɗaurewa yadda ake so ba. Ki riƙe wannan magana.

Bandir ɗin ya iso da ɓarna, damshin jirgin ruwa ya taɓa ƙarshensa, sai ya gaza. Wuri ɗaya ya rage a buɗe, a fiffiken hagu na ƙasa, daidai inda ya haɗu da jikin jirgin. Ana cikin shawarar yadda za a yi, lokacin kafa tantuna ya zo, na tafi Mina. Da na dawo na tarar an rufe wurin, an shafe jirgin duka da fenti ruwan azurfa, yana ƙyalli. Na tambayi Rafi'u, ya ce an samu yadi, magana ta ƙare. Na gaji a lokacin, ban bi ba'asi ba.

Mastura ce ta gaya mini, da ta same ni a durƙushe gaban akwati ina zazzage kaya. Ba ta yi gardama ba. Ta ce ita ta ɗauka ta ba mijinta. Ta ce tun da aka fara maganar tashi ba ta da natsuwa, sai ta yi tunanin yadin da ya sha zamzam, kuma naki ne ke mahaifiyarsa, ba zai yarda ya saki ɗanki a sama ba. Shi ma da ta kawo masa sai ya rungume shi, ya ce babu wurin da ya fi dacewa da shi kamar inda fiffike ya fi ɗaukar nauyi. Sun yi niyyar su saya miki wani kafin in lura. Na buɗe baki zan yi faɗa, na dubi cikinta, na rufe. Me zan ce wa yarinyar da ta saci likkafani don kada a binne mijinta?

Washegari na je rumfar. Na bi fiffiken da yatsa tun daga bakinsa, ko'ina yana amsawa kam, kam, har na iso wurin. Nan sai ya yi shiru, kamar ka buga buhun gero. Na danna da babban yatsa, ya lotsa, ya daɗe kafin ya dawo. Ni ba masanin jirgi ba ne, ban san abin da iska ke yi wa yadi a can sama ba. Abin da Rafi'u ya koya mini kawai na maimaita masa. Ya yi dariya, ya ce ya sani, shi ya sa ya ninka ɗinkin, ya zuba wa wurin duk sauran danƙon da ya rage, ya ɗora buhunan yashi a kai ya kwana bai motsa ba. Ya ce Turawan da suka rubuta ƙa'idar ba su san zamzam ba. Da na matsa, sai ya ce Kawu ya saba ɗinka gidan da ake rushewa bayan Sallah, shi ya sa yake ganin komai faɗuwa zai yi. Ya ƙara da cewa mutumin da ya zo aikin Hajji ya kasa hawa jirgin komawa gida har ya tsufa, ba shi zai koya wa wani tashi ba. Ya faɗa da wasa, yana dafa kafaɗata, ya kuma sa aka kawo mini shayi. Maganar ta shige ni, don akwai gaskiya a ciki. Amma gaskiyar da ke kaina ba ta ɗaure yadin ba.

Za ki ce to ina ruwan Rafi'u da tashi, shi da yake makaniki. Masu wannan sana'a suna da al'ada, wanda ya gyara jirgi shi ne zai fara hawa tare da matuƙi, don a san ya yarda da aikin hannunsa. Ba doka ba ce ta hukuma, amma a wurinsu wanda ya ƙi hawa ya gama aiki, ko ƙusa ba za a ƙara ba shi ya ɗaura ba. Rafi'u zai zauna a gaba, Abdulghani a baya yana tuƙi.

Na sa rigata mai kyau na tafi Bagdadiyya, ofishin Abdulghani. Ya tashi tsaye ya tarbe ni, yana ce mini Ammi Haladu, wato baffa da Larabci, ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Sannan ya ce shi bai san da likkafanin ba, kuma abin ya yi masa nauyi. Ya aika aka kira Rafi'u, a gabana ya ce masa shi zai tashi shi kaɗai, ran tsoho ɗaya ya isa. Rafi'u ya ce idan aka bar shi a ƙasa, to a ba shi takardunsa ya bar garin, don ba zai iya haɗa ido da kowa a Khumra ba. Bayan ya fita, Abdulghani ya ce mini ba zai iya wulaƙanta mutumin da ya ba jirgin nan ƙuruciyarsa ba. Idan Rafi'u da bakinsa ya ce a farke, za a farke a ranar. Sai dai in sani babu sauran yadi, babu sauran danƙo, samo su zai kai shekara ko fiye, shi kuma ba shi da sauran abin sayarwa, ga idonsa na dama likita ya ce yana rufewa. Idan bai tashi bana ba, ba zai ƙara tashi ba. Bai faɗa don in tausaya masa ba, ya faɗa ne kamar mai ba da labarin wani. Na fito ina jin haushinsa, ina kuma jin kunyarsa.

Ranar Juma'ar da ta wuce bayan la'asar suka gwada injin. Sun ɗaure jirgin da igiyoyi a jikin turaku, Rafi'u ya juya farfelar da hannu, Abdulghani ya ce yalla, abin ya kama da ruri har tantabaru suka watse daga kan situna. Leburori sun taru suna tafi. Ni ban kalli injin ba, wuri ɗaya na zuba wa ido. Duk fiffiken ya tsaya cak kamar allo, amma wurin likkafaninki yana ɗagawa yana sauka, yana ɗagawa yana sauka, kamar cikin akuyar da aka kayar za a yanka. Na duba gefe na ga Rafi'u shi ma wurin yake kallo. Da muka haɗa ido sai ya kau da kai ya shiga goge hannu da tsumma. Ya gani, Yaya. Ɗanki ba wawa ba ne. Ya riga ya faɗa a gaban matarsa da ubangidansa cewa albarkarki ce ke riƙe da fiffiken, yanzu yana ganin idan ya farke, kamar ya ce albarkar uwarsa ba ta isa ba.

Shi ya sa na ce ke kaɗai kika rage. Ba na roƙon ki yi masa faɗa, ko ki ce kin yi mafarki, ko ki hana shi sana'arsa, duk zai sami hanyar zagaye su. Abin da nake roƙo shi ne ki nemi kayanki. Naki ne, da sunanki a jiki, an ɗauka ba da izininki ba, kuma Rafi'u ya yi karatu daidai gwargwado, ya san abin da aka ɗauka ba da yardar mai shi ba babu albarka a cikinsa. Ki ce ba ki yafe ba, wancan ɗin kike so, ba wani ba, a ciro miki shi. Babu ƙarya a ciki. Ɗa yana iya musu da kawunsa, yana iya musu da kafilinsa, amma ban ga ɗan da zai hana uwarsa likkafaninta ba. Kuma ta haka zai farke ba tare da an ce tsoro ya ji ba, sai a ce umarnin uwa ya bi. Kin ba shi ƙofar da zai fita da mutuncinsa.

Ba zan ɓoye miki abin da zai biyo baya ba, don ki yanke da idonki a buɗe. Yadin ya sha danƙo da fenti, ya yi tauri kamar fata, ba zai suturta kowa ba, za ki karɓe shi ne ki ajiye kawai. Abdulghani zai rasa abin da ya ƙarar da dukiyarsa a kai, kuma ban san ko zai iya ci gaba da riƙe Rafi'u ba, idan aikin ya tafi iƙama na iya bin sa. Rafi'u zai gane ni na rubuto, wataƙila ya daina shigowa gidana, wataƙila Mastura ta haihu ban ji daga bakinsu ba. Kuma yana yiwuwa ni ne ban fahimta ba, jirgin ya tashi ya sauka lafiya, a yi ta yi mini dariya har in mutu. Na auna duk wannan. Na gwammace ya ƙi gaishe ni a hanya, in dai zan gan shi yana wucewa.

Kada ki ba da amsa ta hannun matafiyi, ba za ta iso ba. Ɗan'azumi ya tafi Sinnar, inda gidan waya yake, ranar da kuka karanta, ya buga wayar tangaraho zuwa ofishin Shaikh Abdulghani a Bagdadiyya, da sunan Rafi'u, da sunanki a ƙasa. Dalilin gaggawar shi ne, abu ɗaya ya hana su tashi har yau. Farfelar da ke jikin jirgin ta tsage, ta gwaji ce kawai, an sassaƙo sabuwa daga Ingila, kuma ta iso. Tana cikin wani jirgin kaya mai baƙin bututu da ke tsaye a cikin teku, ana hango shi daga bakin gaɓa. Bai samu wurin tsayawa ba saboda jiragen alhazai sun cika tasha. Idan suka tashi zai shigo. Jirgin da zai ɗauko Malam Ubale da wannan takarda yana cikin waɗanda za su ba shi wuri. Na yi ta juya wannan a raina, ban ga yadda zan aiko miki ba tare da na matso da shi ba.

Ki gaishe mini da Ɗan'azumi da iyalinsa, da Jamilatu da 'ya'yanta, ki ce mata na ji saƙonta na zoben azurfa, sai baɗi in da rai. Ki gaishe da Baffa Othman idan har yana gane mutane, da Husaini mai kwalekwale, da duk tsofaffin unguwarmu da suka rage masu tuna fuskata. Saudatu tana gaishe ki da kyau, ita ta ce in daina zagaye-zagaye in rubuto. Mastura ba ta san da takardar ba, amma na san da ta sani da ta ce a gaishe da Gwaggo. Kada ki riƙe ta a zuciya, abin da ta yi don ɗanki ta yi.

Jiya na shiga kasuwa don in saya miki wani yadin a madadin wancan. Mai kantin ya ɗauko almakashi, ya tambaye ni na mace zai yanka ko na namiji, don kin san na mace ya fi yawa. Yaya, tambayar da yake yi wa kowa ce, amma sai na tsaya ina kallonsa har ya sake maimaitawa. Na ce ya yanka na mace. A hanyar gida na kama zuciyata tana lissafin cewa na mace ai yana isar namiji har ya yi saura, na yi ta istigfari har ƙofa. Yana nan a ƙasan akwati, ban rubuta suna a jikinsa ba tukuna. Ki buga wayar, don in rubuta naki.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne ƙanenki da ya daɗe a hanya,
Haladu mai ɗinkin tanti.